Ɗalibin Tambuwal Da Kebbe A Ƙofar Jami'a: Daga Ina Za A Fara Masa?

A kowace shekara, da zarar jami'o'i sun fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, akan ga samari da 'yan mata a tashar motar Tambuwal da akwatuna da katifu a naɗe, suna jiran motar Sakkwato. Waɗansu 'yan garin ne, waɗansu daga Jabo ko Sanyinna suka zo, waɗansu kuwa tun da asuba suka taso daga Kebbe ko Kuchi. Akwai masu nufar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai masu nufar Jami'ar Jihar Sakkwato, akwai kuma waɗanda ke juyawa zuwa Aliero, inda Jihar Kebbi ta kafa jami'ar kimiyya da fasaha a shekarar 1976 da ɗoriyar shekara talatin, watau a 2006. In aka tambayi iyayen da suka yi musu rakiya abin da suke fata, amsar ba ta wuce likita ko injiniya ko lauya, ko kuwa dai wani karatu da zai kai yaro ga albashi.

To, amma ko wane fanni yaro ya samu, akwai waɗansu darussa da ba shi da ikon kauce musu. Su ne darussan bai-ɗaya, waɗanda ɗalibai suka fi sani da haruffan GST. A shekarar farko akwai biyu: ɗaya na sarrafa harshen Ingilishi, ɗaya kuma, mai lamba 112, na al'ummun Nijeriya da al'adunsu. A shekara ta biyu akwai na falsafa da mandiƙi, a ta uku akwai na zaman lafiya da sasanta rikici. Ga ɗalibin likitanci ko aikin gona ko lissafi, waɗannan 'yan darussa su ne kaɗai rabonsa daga wani babban sashe na ilmi, watau ilmin sanin ɗan Adam: harshe da adabi da tarihi da falsafa da addini da al'ada. Daga nan ba zai sake haɗuwa da su a aji ba har ya bar jami'a.

Ba a ma daidaita a kan sunan wannan sashe da Hausa ba. A jami'o'i akan kira gidansa Tsangayar Fasaha, alhali kuwa a rediyo kalmar fasaha ta koma ta injuna da na'urori. Wannan ruɗani na suna ƙaramin abu ne, amma yana nuna matsayin da fannin yake da shi a idon jama'a.

Yadda abin ya samo asali

Tilasta wa sabon ɗalibi ya ɗanɗani waɗannan fannoni ba a Nijeriya aka fara shi ba. A Amurka, Jami'ar Kolombiya da ke birnin Niyok ta buɗe wani darasi na dole a kan wayewar zamani a shekarar 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, domin samarin da suka ga yaƙi su fahimci abin da ya haddasa shi. A 1937 ta ƙara wani na karatun manyan littattafan adabi. Jami'ar Habad ita ma ta fitar da wani shahararren rahoto a 1945 a kan ilmin bai-ɗaya. Daga can ne abin ya iso nan, ta hanyar Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, wadda aka buɗe a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Mishigan. Jami'ar Ibadan kuwa a kan tsarin Ingila aka gina ta, inda ɗalibi kan tsunduma cikin fanninsa tun ranar farko, saboda haka da fari malaman can ba su ɗauki wannan sabon abu na Nsukka da muhimmanci ba.

Abin da ya sauya ra'ayin hukuma shi ne yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Bayan an ajiye makamai, shugabanni suka lura cewa masu ilmin zamani na ƙasar nan sun fi sanin sarakunan Ingila a kan maƙwabtansu. A 1973 aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima. A 1977 kuma, shekarar da aka yi bikin al'adun baƙar fata a Legas, Gwamnatin Tarayya ta fitar da Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda ta ce jahilcin da al'ummun Nijeriya suke da shi game da junansu, har ma game da kansu, za a yi maganinsa da darasi na dole a shekarar farko ta jami'a, a kan tsarin zamansu da al'adunsu da tarihinsu, kuma ba za a ba kowa digiri ba sai ya ci wannan jarrabawa.

A cikin wannan shekara ta 1977 ne Jami'ar Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, ta fara koyarwa a watan Oktoba da ɗalibai 93. Abin lura shi ne shugabanninta biyu na farko duka daga wannan sashe na ilmi suka fito. Farfesa Shehu Galadanci masanin harshen Larabci ne da adabinsa. Farfesa Mahdi Adamu, wanda ya gaje shi, masanin tarihi ne, shi ne ya rubuta littafin nan na 1978 a kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma. A 1988 aka sa wa jami'ar sunan Shehu Usmanu.

Sai dai ita wannan Manufa ta Ilmi ta zo da wani hukunci da ya ja akalar zuwa wani ɓangare. An ƙayyade cewa a cikin kowane ɗalibi 100 da jami'a za ta ɗauka, 60 su zama na kimiyya, 40 na sauran fannoni. Dalilin a fili yake, ƙasa tana bukatar likitoci da injiniyoyi, kuma babu mai hankalin da zai yi jayayya da wannan, balle a yankin da mace mai naƙuda kan yi tafiya mai nisa kafin ta ga likita. Amma sannu a hankali abin ya zama wata fahimta a makarantun sakandare, cewa ajin kimiyya na masu ƙwaƙwalwa ne, ɗaya ajin kuwa na waɗanda suka rage.

A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabuwar manhaja. A cikinta aka rage nauyin darussan bai-ɗaya daga yunit 36 zuwa 12, a cikin kwasa-kwasai shida, biyu daga cikinsu ma na koyon sana'a da kasuwanci ne. Ke nan darasin al'ummun Nijeriya yunit biyu ne rak, a cikin aƙalla 120 da ake bukata kafin a sami digirin shekara huɗu. A zango ɗaya ake son a bi da ɗalibi ta kan ƙabilun ƙasar nan kafin zuwan Turawa, da mulkin mallaka, da haɗewar 1914, da gwagwarmayar neman 'yanci, da yaƙin basasa, da tsarin mulki, da haƙƙin ɗan ƙasa, har da kyawawan ɗabi'u.

Abin da ke faruwa a zauren lacca

Duk wanda ya yi jami'a a ƙasar nan ya san yadda ake yin waɗannan darussa. Akan tara ɗaliban tsangayoyi da yawa a babban zaure guda, na gaba suna ji, na baya suna kallon bakin malami yana motsi. Malamin ba shi da halin sanin sunan kowa, balle ya karanta rubutun kowa. Saboda yawan jama'a, jarrabawa ta koma ta canki-canka, a wurare da yawa a kan kwamfuta. Ɗalibi kan sayi ɗan littafin da aka buga domin kwas ɗin, ya haddace shekaru da sunaye mako guda kafin jarrabawa, ya zubar da su a ƙofar fita. Ba laifin malaman ba ne, domin mutum ɗaya ba ya iya tattaunawa da mutum ɗari biyar. Ba kuma laifin ɗaliban ba ne, domin abin da aka auna shi suke shirya wa.

Illar ita ce, ainihin abin da waɗannan fannoni ke koyarwa ba ya shiga cikin tambayar canki-canka. Masanin tarihi ba mahaddacin shekaru ba ne. Aikinsa shi ne ya ɗauki ruwayoyi biyu da suka saɓa, ya tambayi wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, me zai samu in an yarda da shi, sa'an nan ya yanke hukunci ya kuma kare shi a rubuce. Mai nazarin adabi yana koyon jin abin da magana ta ɓoye a bayan abin da ta bayyana. Mai mandiƙi yana koyon gane inda hujja ta karye. Duk waɗannan sai an yi da hannu ake iya su, kamar dai saƙa ko ƙira.

Ga yaron da ya fito daga Tambuwal ko Kebbe akwai ƙarin nauyi guda biyu. Na farko shi ne harshe: da Ingilishi ake yin laccar, da Ingilishi aka rubuta littafin, shi kuwa a gida da kasuwa da masallaci Hausa yake yi ko Fulatanci. Na biyu ya fi wannan ciwo. A zangon karatu na 2009 zuwa 2010 aka cire Tarihi daga jerin darussan firamare da ƙaramar sakandare, aka narkar da ɗan abin da ya rage a cikin darasin nazarin zaman jama'a. A babbar sakandare ya zama na ganin dama, kuma ɗan ajin kimiyya ba ya ko leƙa shi. Saboda haka akasarin waɗanda ke zaune a zauren lacca a yau ba su taɓa yin Tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa ba. Irin wannan ɗalibi yakan zauna ya ji ana lissafa masa Nok da Ife da Igbo-Ukwu da Benin, ya ɗauka cewa tarihi wani abu ne da ya faru a garuruwan waɗansu, wanda masu Turanci suka rubuta.

Manhajar da ke shimfiɗe a gefen hanya

Abin mamaki shi ne, motar da ta ɗauko wannan yaro ta ratsa da shi ta cikin abin da ya isa manhajar shekara guda, bai sani ba.

A fara da Tambuwal kanta. A nan ne Muhammadu Buhari, ɗan Shehu Usmanu, ya zauna ya riƙe ribaɗi, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar garin. An fi tunawa da shi a matsayin jarumi kuma basarake, amma masana adabin Larabci na ƙasar nan sun san shi a matsayin mawaƙi, wanda ya yi karatu a wurin mahaifinsa da kuma baffansa Abdullahi. Waƙoƙin Larabci na malaman Sakkwato na wancan ƙarni su ne abin da Sambo Wali Junaidu ya yi digirinsa na uku a kansu a Jami'ar Landan a 1985. Ɗalibai nawa ne daga Tambuwal suka taɓa ganin baiti ɗaya na Buhari, ko da a fassare?

Idan mota ta wuce Dogon Daji sai ta isa Shagari. Wani malamin makaranta ɗan wannan gari, Shehu Shagari, wanda daga baya ya zama Shugaban Ƙasa daga 1979 zuwa 1983, ya fuskanci irin wannan matsala tun a shekarun 1940: yaya za a sa yaran Hausa su san ƙasar da aka ce tasu ce, alhali ba su taɓa ganin teku ko kurmi ba? Sai ya tsara Waƙar Nijeriya, ya zuba labarin ƙasa da tarihi a cikin baitocin Hausa da yaro zai iya rerawa. In an duba da kyau, wannan shi ne darasin al'ummun Nijeriya tun kafin a ba shi lamba.

Gaba kaɗan kuma ga Sifawa da Boɗinga. A Sifawa Shehu ya zauna daga 1810 zuwa 1815 yana karantarwa yana rubutu, ƙanensa Abdullahi kuma yana Boɗinga. A cikin waɗannan shekaru ne Muhammadu Bello ya kammala Infaƙul Maisuri a 1812, Abdullahi kuma ya tattara waƙoƙinsa da bayanin abubuwan da suka sa ya yi su a cikin Tazyinul Waraƙati a 1813. Shi Abdullahi ya bar wani ɗan littafi, Ida'un Nusukhi, inda ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowane. Wanda ya duba wannan jeri zai ga nahawu da sarfu da balaga da aruli da waƙoƙin Larabawa, tare da fiƙihu da tafsiri da hadisi. Har yau a zaurukan malamai na Tambuwal da Gwandu da Jega, almajirin ilmi yakan bi ta kan Ajurumiya da Alfiyar Ibnu Malik da Muƙamar Hariri kafin a ce ya ƙoshi da Larabci.

A ƙasar Italiya, a ƙarni na 15, lokacin da aka raɗa wa waɗannan fannoni sunan da Turawa ke kiransu da shi har yau, abubuwa biyar ake nufi: nahawu da balaga da waƙa da tarihi da falsafar ɗabi'a. Kusan jerin Abdullahi ke nan. Wani masani mai suna George Makdisi ma ya rubuta littafi a 1990 yana nuna yadda karatun adabi na Musulmi ya riga na Turai a wannan tsari. Ashe abin da ake gabatar wa ɗan Tambuwal a matsayin baƙo, ɗan gida ne da ya sauya tufafi.

Haka abin yake ga mandiƙi da falsafa, darasin da ɗalibai da yawa na wannan yanki ke shiga da ɗar-ɗar, don sun ji an ce yana raunana imani. Ba sabuwar damuwa ba ce. Shaihu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a kan mandiƙi, har suka yi musayar baitoci da Suyuɗi na Masar, wanda yake ganin haramun ne. A Salame, arewa da Sakkwato, jikan Shehu, Abdulƙadir ɗan Tafa, wanda ya rasu a 1864, ya yi rubuce-rubuce a kan falsafa da tarihi, ciki har da Raulatul Afkari. Kuma in ana neman misalin yadda ake kafa hujja da rushe ta, ba sai an je Girka ba: wasiƙun da Bello ya yi musaya da Shehu Laminu na Borno a kan halaccin yaƙar Borno suna nan a cikin Infaƙul Maisuri, kowane ɓangare da hujjojinsa. Malamin da ya raba aji biyu, ya ba kowane rabi wasiƙa guda a fassare, ya ce su gano inda ɗaya ya amsa wa ɗaya da inda ya kauce, ya koyar da mandiƙi da tarihi a zama ɗaya.

Kebbe ba Kebbi ba ce

Ɗan Kebbe yana da tasa matsalar ta daban, wadda takan ba shi haushi tun a wajen cike takardu: sau da yawa ma'aikaci a Abuja ko Legas yakan ɗauka kuskure ya yi, ya gyara masa zuwa Kebbi. Kebbe ƙaramar hukuma ce a kudancin Jihar Sakkwato, tana iyaka da Jihar Kebbi da Jihar Zamfara. Har zuwa 1991 duk jiha ɗaya ce. A wannan shekara aka yanke Kebbi, a 1996 aka yanke Zamfara, sai Kebbe ta wayi gari a bakin iyaka biyu. Wannan kaɗai darasi ne: yaron zai gane cewa layin da ke kan taswira mutane ne suka ja shi, a wata shekara, saboda waɗansu dalilai, kuma kasuwa da auratayya da kiwo ba su san da shi ba.

Daga nan sai a kai shi ga tsohuwar daular Kabi da Kanta. Labarin Kanta ya zo ta hanyoyi da yawa. Abdurrahman Sa'adi na Tumbutu, wanda ya rubuta Tarihus Sudan a tsakiyar ƙarni na 17, ya ce Kanta ya raka Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, sa'an nan suka ɓata a kan rabon ganima, ya ɓalle a wajajen 1516. Bello ya kawo nasa bayanin a cikin Infaƙul Maisuri, kusan shekara 300 bayan abin ya faru, kuma a lokacin da Kabawa abokan gabarsa ne. Mutanen Argungu suna da tasu ruwayar ta baka, da kayan tarihi a Gidan Tarihi na Kanta. Ga kuma ganuwar duwatsu ta Surame, a ƙasar Binji, wadda ba ta magana amma ana iya auna ta. Wace ruwaya za a fifita, kuma don me? Ɗalibin da ya yi mako biyu yana kokawa da wannan tambaya, ya rubuta shafi uku da hannunsa, ya fi wanda ya haddace sunayen dauloli ashirin samun abin da ake nema. Kuma idan aka zo kan Ife da Benin, ya riga ya san irin tambayar da zai yi musu.

Akwai kuma maganar bakinsa. Sabon ɗalibi daga wannan yanki, musamman in ya tafi Kano ko Zariya, ba ya daɗewa kafin a fara kwaikwayonsa: shina, biyat, hwari, wanga, mi ka ce. Da yawa sukan ji kunya su sauya harshe. Awa ɗaya a ajin kimiyyar harshe ta isa ta nuna masa cewa daidaitacciyar Hausa ta littattafai zaɓi ce da aka yi a zamanin Turawa, aka ɗora ta a kan karin Kano domin sauƙin ɗab'i da koyarwa, kuma masana sun tabbatar cewa karin yamma, na Sakkwato da Gobir da Adar, ya riƙe siffofi da yawa na tsohuwar Hausa waɗanda na gabas ya zubar. Bargery ma, a ƙamusunsa na 1934, ya yi ta sa alama a kan kalmomin Sakkwato. A wannan kari ne Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace suka yi waƙa, a cikinsa kuma Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara waƙoƙin Hausa da jajis ɗinta suka riƙa kai wa matan ƙauyuka.

Ba a ce a tsaya a gida ba. Manufar 1977 tana nan da ƙarfinta: ɗan Tambuwal yana bukatar sanin Tibi da Ibibiyo da Ijo, kamar yadda ɗan Kalaba yake bukatar sanin Gobir. Akwai ma haɗari in aka mai da darasin ya zama kirari da yabon kakanni, domin wannan ma wata irin hadda ce. Tarihin wannan yanki yana da bauta da yaƙi da ƙone garuruwa, kuma Bakabe da Bazamfare da Bagobiri ba su ba da labarin ƙarni na 19 kamar yadda Basakkwace ke ba da shi. A aji guda a Dundaye ana iya samun jikokin dukansu a benci ɗaya. Koya musu su saurari juna a kan wannan, su nemi hujja maimakon zagi, shi ne babban aikin, kuma ya fi wuya a kan koya musu labarin mutanen da ba su taɓa gani ba.

Abin da ya shafi ma'aikaci

Mai karatu da ke aikin gwamnati yana iya cewa wannan magana ce ta malaman jami'a. Amma yawancin waɗannan ɗalibai ofis za su ƙare, a sakatariyar jiha ko ta ƙaramar hukuma. Wanda aka tura Kebbe a matsayin jami'in gona ko na filaye, ranar da rikici ya tashi tsakanin manomi da makiyayi a kan burtali, ba ilmin taki ne zai fishe shi ba. Zai zauna gaban dattawa biyu, kowane yana rantsuwa cewa tun zamanin kakansa haka iyakar take, ga tsohuwar takarda daga ofishin hakimi, ga shaidar mai unguwa. Aikin da zai yi a nan shi ne ainihin aikin da aka yi a kan Kanta. Bayan haka kuma sai ya rubuta rahoto wanda na sama da shi zai karanta ya gane. Manyan sakatarori sun daɗe suna kukan cewa masu digiri ba sa iya rubuta takardar shafi guda mai kai da gindi. Yaya za su iya, in tun daga shekarar farko ba a taɓa neman su rubuta komai ba sai zaɓen A ko B?

Turawan mulki, duk da abin da ya kawo su, sun gane wannan. Ba a tabbatar da jami'insu a aiki a Arewa sai ya ci jarrabawar Hausa, kuma kowane Di'o yakan rubuta tarihin gundumar da ya zagaya domin tsara haraji. Razdan Arnett ya buga bayanin Lardin Sakkwato a 1920, ya kuma fitar da fassarar Infaƙul Maisuri a 1922. Waɗannan rahotanni suna nan a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Sun yi ne domin su mallaki jama'a, kuma akwai son zuciya da kurakurai a ciki, amma dai sun san ba a mulkin mutanen da ba a sani ba.

A farkon shekarun 1970, lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Wazirin Sakkwato Alhaji Junaidu digirin girmamawa, ya yi jawabi a kan dangantakar jami'a da jama'arta, inda ya nuna cewa jami'o'in ƙasar nan dashe ne da aka ɗauko daga wata ƙasa, kuma sun juya wa ilmin da suka tarar baya. Shi ne mutumin da Murray Last ya zauna a laburarensa ya rubuta littafinsa na 1967 a kan Daular Sakkwato. Yau akwai cibiyar tarihi da al'adu mai ɗauke da sunansa a cikin garin Sakkwato, cike da rubuce-rubucen hannu, tafiyar 'yan mintoci daga tsohon mazaunin jami'a. Ɗalibi yana iya gama shekara huɗu bai taka ƙofarta ba.

Sabuwar manhaja ta 2022, duk da ta rage yawan yunit, ta bar wata kafa. Hukumar ta tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa majalisar malaman kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Babu abin da ya hana jami'o'in Sakkwato da Aliero da Birnin Kebbi su sa kwas guda na shekarar farko a cikin wannan kaso, wanda za a gina a kan matani kaɗan da aka fassara zuwa Hausa da Ingilishi, da ziyara guda zuwa Sifawa ko Surame ko cibiyar Waziri Junaidu, da rubutu guda da ɗalibi zai yi a kan garinsu bayan ya zauna da wani dattijo ko wata tsohuwa lokacin hutu. Wahalar tana wajen masu duba rubutun. Sai an raba ɗalibai rukuni-rukuni, an sa masu karatun digiri na biyu da na uku su jagorance su, an kuma biya su. Wannan kuɗi ne, kuma a kasafin jami'a darussan bai-ɗaya ne kan zo a ƙarshen layi.

A watan Nuwamba na 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da mai da Tarihi cikin makarantun firamare da ƙananan sakandare, ta kuma zaɓi malamai 3,700 domin horarwa a faɗin ƙasa. Ko da an sami malamin da littafin a kowace makaranta ta Tambuwal da Kebbe tun daga wannan shekara, yaron da ya shiga aji ɗaya a lokacin ba zai tsaya a tashar mota da akwatinsa ba sai 2034. Duk waɗanda za su hau motar Sakkwato kafin nan, abin da za su samu shi ne abin da aka ba su a wancan zaure, a zango guda na shekarar farko.